AIKIN HANNU A GIDA: Kwaikwayon Fuskokin Mutanen Da

A watan jiya na yi muku alkawari zan ba ku labarin 'yar ƙungiyarmu ta masu koyon zane a nan Yelwa ta ƙasar Yauri, da irin allin da mu ke aiki da shi. To, alkawari kaya ne, ga shi na zo in sauke.

Mu shida ne. Kowace Asabar da la'asar mu kan taru a gindin darbejiya a ƙofar gidana, mu shimfiɗa tabarma, kowa ya ɗora guntun katako a cinya. Akwai ni, tsohon malamin firamare. Akwai wata ungozoma, da wani saurayi mai rubuta allunan shaguna da sunayen jiragen ruwa, da wata matar aure 'yar Shanga, da wani ɗan makaranta wanda iyayensa su ke Wara ta ƙasar Ngaski. Na shida wani tela ne Bagunge, ya girme mu duka, mu kan ce da shi Baba Tela. Ba mu da shugaba, ba mu da asusu. Huɗu daga cikinmu majami'armu ɗaya, biyu kuwa idan an kira magariba su kan tashi su yi alwala, mu jira su dawo kafin mu tattara kaya.

Abin da mu ke yi shi ne, mu kan ɗauki hoton wani zane na fuskar mutum wanda gwanayen da su ka yi, mu yi ta kwaikwayonsa har wata guda, sa'an nan mu sake wani.

Allin Mai

Abin aikinmu mu kan kira shi allin mai. A kantin littattafai sunansa oyil fastel. Tsawonsa kamar ɗan yatsa, an naɗe shi da takarda. Da garin launi a ke yinsa, a kwaɓa da kaki irin na kyandir da wani mai wanda ba ya bushewa. Saboda haka ya fi kireyon ɗin yara taushi, launinsa kuma ya fi ƙarfi. Ba ya bukatar ruwa ko buroshi, yatsanka ya isa ka murza launi biyu su haɗu.

A ƙasar Japan a ka fara yinsa. Wani mai zane can, Yamamoto Kanae, ya yi ta faɗa cewa an cika sa yara kwafe hotunan littafi, ya kamata a bar su su zana abin da idonsu ya gani. Waɗansu su ka ji maganarsa, su ka nemi alli mai taushi wanda hannun yaro zai iya sarrafawa, har kamfanin Sakura na birnin Osaka ya fito da shi a 1925 da sunan Cray-Pas. Daga baya, a 1949, kantin Sennelier na birnin Faris ya yi wani iri mai kyau ƙwarai domin shahararren mai zanen nan Picasso. Ku dubi abin dariya: allin da a ka yi domin yara su daina kwafa, shi ne mu tsofaffi mu ka ɗauka mu na kwafa da shi. Amma za ku ga dalilinmu a gaba.

Ga gargaɗi uku domin ƙasa irin tamu. Na fari, zafin bazara ya kan narkar da shi har ya yi laushi kamar man shanu. Kada a bar shi a rana ko a ɗaki mai rufin kwano. Ni a gindin randa na ke ajiye nawa. Na biyu, tun da shi ke ba ya bushewa sarai, ƙurar hunturu ta kan manne masa, ba ta kuwa fita. In kun gama zane ku rufe shi da takarda mai santsi, ku sa a tsakanin kwali biyu. Na uku, in za ku sa shi a gilashi, ku yanka kwali ku zagaye gefen zanen domin kada gilashin ya taɓa shi.

Takarda kuwa, mai ɗan kaushi ta fi kama launi. Wanda ba shi da kuɗin takardar zane kada ya damu. Bayan kwalin kaya mai tsabta ya na yi, launinsa na ruwan ƙasa ma ya na taimako wajen zanen fatar baƙin mutum.

Me Ya Sa Mu Ke Kwaikwayo?

Da koyo a kan iya. Yarinya ba ta fara tuƙa tuwo sai ta daɗe ta na kallon hannun uwarta. Haka ya ke ga zane. Aina Onabolu, wanda a ka haifa a Ijebu-Ode a 1882, shi a ke ɗauka uban zanen zamani a Nijeriya. Ba shi da malami. Hotunan jaridu da littattafan Turawa ya riƙa kwaikwayo a lokacin hutunsa, har ya gwanance ya na zana fuskokin manyan mutanen Ikko. Sai a 1920 ya sami zuwa Ingila karatun zane, ya dawo a 1922 ya na koyarwa a makarantun Ikko. Vincent van Gogh ma, sa'ad da ya ke kwance a asibiti a Faransa a 1889 da 1890, ayyukan wani mai zane Millet ya yi ta kwafa, ya na sa musu launi irin nasa.

Amfanin kwaikwayo shi ne ya na tilasta wa mutum ya duba. Yawancinmu mu na tsammani mun san yadda fuska ta ke, amma in an ba mu fensir sai mu ɗora idanu can sama kusa da gashi, mu zagaye su da baƙin layi kamar ƙwan kaza. Sa'ad da ka zauna awa biyu da aikin gwani a gabanka, sai ka gane idanu a tsakiyar kai su ke, tsakanin ido da ido faɗin ido guda ne, kunne kuma ya kan faro daga daidai gira ya ƙare daidai ƙasan hanci.

Zane huɗu mu ka fi daɗewa a kansu.

Na fari shi ne na yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u, wanda Johannes Vermeer na ƙasar Holan ya yi wajen 1665. Ya na birnin Heg. Ya dace da mai fara koyo, gama bayan yarinyar duhu ne kawai, ɗankwalinta shuɗi da rawaya. Ungozomarmu ce ta fara lura cewa ɗan kunnen nan da kowa ke yabo ba a zana shi sosai ba: ɗigon fari ne mai haske a sama, da wani ɗan haske mara ƙarfi a ƙasa inda farin wuyan rigarta ya haska shi. Sauran idon mai kallo ne ya ke cikawa.

Na biyu shi ne na Juan de Pareja, wanda Diego Velázquez na ƙasar Sifen ya yi a birnin Roma a 1650. Pareja mutum ne mai duhun fata, bawan Velázquez ne kuma mai taimakonsa a ɗakin aiki. A cikin shekarar nan ubangidansa ya sa hannu a takardar 'yanta shi, daga baya shi ma ya zama mai zane. Hoton ya na Niyok ta Amurka. Daga gare shi mu ka koyi cewa ba da baƙin alli a ke zana baƙar fata ba. Akwai ruwan ƙasa, da ja, da ruwan goro, da ɗan kore a inuwa, da ruwan toka inda haske ya sauka a goshi.

Na uku ya fi shiga ranmu. Shi ne na Ayuba Sulaiman Jallo, Bafillatanin ƙasar Bundu ta Senegal, malami ɗan malami, wanda a ka kama a ka sayar bawa zuwa Amurka. Ya sami kuɓuta, ya biyo ta Ingila, inda William Hoare ya zana shi a 1733, ya koma gida a 1734. An ce shi ya nemi a zana shi da tufafin ƙasarsu, farar riga da rawani. Ran da na kawo hoton, 'yar Shanga ta ce, "Malam, ai wannan kamar na taɓa sayen nono a rugarsu."

Na huɗu shi ne Mona Lisa ta Leonardo da Vinci, wadda ya fara wajen 1503 a kan allon katako. Ina ba ku shawara ku bar ta sai ƙarshe. Babu layi ko ɗaya a gefen bakinta da na idanunta, inuwa ce kawai ta ke narkewa cikin haske. Mu shida mu ka gwada, mu ka sami mata shida masu ciwon haƙori.

Irin waɗannan hotuna yanzu ba su da wuyar samu. Manyan gidajen ajiyar zane da yawa sun sa su a intanet. Yaronku mai waya zai nemo muku, a kai wa masu buga takardu da kwamfuta su fitar da launi.

Yadda Mu Ke Yi

Mu kan ja layuka a kan hoton mu raba shi gida gida kamar ramukan dara, mu yi gidaje iri ɗaya a takardarmu da fensir, marar nauyi. Sa'an nan mu bi gida ɗaya ɗaya mu sa siffar kai, da wurin idanu da hanci da baki. Bayan wannan sai a kanne ido kaɗan a dubi hoton. In ka yi haka ƙananan abubuwa su kan ɓace, ka ga inda duhu ya ke da inda haske ya ke. A fara da launi matsakaici, shafi marar kauri, a bi da duhu. Wuraren haske a bar su da tsabta sai ƙarshe, gama fari a kan baƙi ya kan zama laka. A murza da yatsa ko tsumma, amma kaɗan. In an yi kuskure a kankare da reza a hankali. Launi biyar ko shida sun isa fuska guda.

Abu ɗaya kuma ba mu wasa da shi. A bayan kowane kwafi mu kan rubuta sunan mai aikin na asali da namu, mu ce kwaikwayo ne. A gidan ajiyar zane na Louvre a Faris an daɗe a na barin masu koyo su kwafi zane, amma dole girman kwafin ya bambanta da na asali, ba a kuma yarda a kwafi sa hannun mai shi ba. Wani mutumin Holan, Han van Meegeren, ya yi zane da hannunsa ya sayar da sunan Vermeer, a 1947 kotu ta same shi da laifi. Koyo daban, zamba daban. Aikin mai zanen da ya ke da rai kuwa, a nemi izininsa kafin a sayar da kwafinsa.

Wani dattijon ekklesiya ya taɓa tambayata ko zanen fuska bai saɓa wa doka ta biyu ba. Na ce masa, yadda na fahimci Fitowa sura 20, abin da a ka hana shi ne yin siffa domin a yi mata sujada, a sura 31 kuma an nuna gwanintar hannu baiwa ce. Amma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya zana jirgin ruwa ko kwandon albasa. Kada kuma a zana maƙwabci sai da yardarsa.

Garin Neman Gira

Yanzu bari in faɗa muku laifin da na yi, domin kada wani ya maimaita shi.

Baba Tela a kan tsibiri a ka haife shi, cikin Kogin Kwara. Ya na ɗan shekara goma a ka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya taso ya cinye tsibirai da gonakin albasa da garin Busa na da, a ka kwashe dubban mutane zuwa sababbin ƙauyuka a bakin tafki. Gidan da a ka haife shi ya na ƙarƙashin ruwa, kabarin kakanninsa ma haka. Mahaifiyarsa ba ta daɗe ba bayan ƙaura ta rasu. Abin da ya rage masa nata hoto ne guda, bai fi kwalin ashana girma ba, laima ta cinye rabinsa. Ashe dalilin shigarsa cikinmu ke nan, bai faɗa wa kowa ba. Wata takwas ya yi ya na kwafe fuskokin baƙi domin hannunsa ya faɗa, sa'an nan wata Asabar ya zare hoton daga aljihu ya fara.

Mako uku ya na kai. A na huɗu na leƙa, sai na ga idon hagu ya fi na dama ƙanƙanta, bakin kuma ya karkace. Halin malanta ya motsa. Ban tambaye shi ba, na ce, "Baba, kawo in daidaita maka." Na karɓi katakon, na kankare, na buɗe idon, na miƙe bakin bisa ga ƙa'idar da na koya musu. Ya yi kyau, har saurayinmu ya yaba. Baba Tela ya karɓa ya duba, ya ce, "Na gode, Malam." Ya naɗe kayansa ya tafi.

Asabar uku ba mu gan shi ba. Ungozoma ce ta tare ni bayan sujada ta ce, "Malam, zumunta a ƙafa ta ke. Ka je shagon Baba." Na je na same shi a kan keken ɗinki. Bayan gaisuwa na ce ko lafiya. Ya daɗe bai amsa ba, sa'an nan ya ce, "Malam, ka gyara ta har ta zama uwar wani." Ya ce tun ta na yarinya ciwon ido ya rage mata idon hagu, in za ta yi murmushi kuma gefe ɗaya na bakinta ne ya ke fara tashi. Wannan ba ya fita a hoton, a ransa ya ke.

Kunya ta rufe ni. Garin neman gira na rasa ido. Ni da na ke koya wa mutane duba, na bi ƙa'ida na ƙi duban abin da ke gabana. Na roƙi gafara, ya ce ba kome, amma sai da a ka ƙara mako biyu kafin ya dawo. Tun daga ran nan mu ka kafa doka uku. Ba mai sa hannu a zanen wani. Mai ba da shawara ya fara da tambaya, in zai nuna wani abu ya nuna a tasa takardar. Wanda kuma ba a gan shi Asabar biyu ba, a tashi mutum ya je gidansa.

Abokan Zariya

Abota a kan zane ba ƙaramin abu ba ce. A 1958 waɗansu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, su ka kafa 'yar ƙungiyar zane. A cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Malamansu na koya musu hanyar Turawa, su kuwa su ka ce za su koye ta sarai, amma kowa ya koma gida ya binciko zanen iyayensa ya haɗa. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, wanda mahaifiyarsa ta iya. Onobrakpeya ya ɗauko tatsuniyoyin Urhobo. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma aikin mutanenta ya cika ƙasa. Grillo ya yi wa majami'u da dama a Ikko tagogin gilashi masu launi. Nwoko ya tsara ginin majami'ar 'yan Dominikan a Ibadan. Onobrakpeya kuwa a 1998 ya fara tara masu zane manya da ƙanana lokacin hunturu a Agbarha-Otor ta Jihar Delta, su koya wa juna.

Mu ba mu kai ƙurarsu ba, amma darasin ɗaya ne. A kan kwaikwayi gwanayen nesa domin a iya zana na gida. Kafin zamaninmu ya wuce akwai fuskokin da ya kamata a ajiye: tsofaffin da su ka san tsibiran nan kafin ruwa, da Sarkawa masu su, da matan da ke ɗauke da zanen gado a kumatu wanda 'ya'yan yanzu ba su da shi. Waya ta na ɗaukar hoto, gaskiya ne, ku ɗauka kuwa. Amma wanda ya zauna yini guda ya na duban fuskar kakarsa domin ya zana ta, zai ji labarai da yawa waɗanda ba zai ji ba a cikin ƙiftawar ido.

Baba Tela ya sake zanen daga farko, a kan bayan kwali. Ya ɗauke shi wata biyu. Da ya gama ya shiga jirgi ya kai wa yayarsa a ƙauyensu na bakin tafki, bai ce mata kome ba. Ya ce mana ta riƙe kwalin ta daɗe, sa'an nan ta kira jikokinta ta ce su zo su gai da Inna. Ta ƙi mayar masa da shi, saboda haka yanzu ya na kan na uku.

Ku iyaye, ga aikin wannan wata. Ku sayi ƙaramin kwalin allin mai, mai launi goma sha biyu ya isa. Ku nemi mutum biyu ko uku, ko daga cikin gida ko maƙwabta, ku sa rana. Ku zaɓi hoto guda ku yi ta binsa har mako huɗu, kada ku yar da na fari domin ku gwada shi da na ƙarshe. In yaro ya kawo muku nasa, ku tambaye shi abin da ya gani kafin ku ce masa kome. Ku rubuto mana yadda ku ka ƙare.

A wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu yi magana a kan yadda a ke zana hannu da yatsu, abin da ya ke ba kowane mai koyo wuya. Ku huta lafiya.